Kwamfuta ta hana Hajiya bashi, Mama ta daina yi mini magana

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 26, na karanci ƙididdiga a jami'a, bara na gama bautar ƙasa. Da aiki bai samu ba sai Kawuna, wan mahaifiyata, ya ce in zo in riƙe masa lissafi a shagonsa na sarin kayan masarufi a babbar kasuwar Kaduna. Yana bai wa masu ƙananan shaguna kaya bashi, su sayar su kawo kuɗi, kuma kullum kukansa kuɗinsa sun maƙale a hannun mutane. Sai na kwashe littafin bashi na shekara biyu na zuba a kwamfuta, mutum 200. Na kasa su uku bisa abin da littafi ya nuna: 150 masu biya a kan lokaci, 30 masu jinkiri amma suna biya, 20 da kuɗi suka maƙale a hannunsu. Na yi musu lissafin rarrabe rukuni a SPSS, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, da ma'aunai biyar: shekarun da mutum ya yi yana hulɗa da mu, kuɗin kayan da yake ɗauka a wata, kason bashi a cikin kayan, tazarar kwanaki tsakanin zuwa da zuwa, da yawan kayan da yake dawo mana da su. Sakamako ya ce an dace da kashi 84 cikin ɗari. Cikin murna na buga wa Kawu sunaye 22 da kwamfuta ta jefa rukuni na uku. Washegari ya ce kada a ƙara ba ko ɗaya daga cikinsu ko da kwalin ashana bashi.

A cikin 22 ɗin akwai wata Hajiya, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, mai ɗan shago a Rigasa, shekara 14 tana sari a wurinmu. Bara mijinta ya rasu, ta yi takaba, kuɗinmu ya jima a hannunta amma ta biya tas. Da ta zo ɗaukar kaya, yaron shago ya ce mata a gaban jama'a wai kwamfuta ta ce kada a ba ta. Ta juya ba ta ce uffan ba. Yau kwana tara in ba amsa gaisuwa ba babu abin da ke haɗa ni da Mama, ta kuma yi wa Kawu waya sun yi sa-in-sa. Kawu ya ce ai ni na ce kashi 84, shi ba ya gardama da ilimi. Ina tsoron in ce na yi kuskure ya ce bokona na banza ne ya sallame ni, ina kuma tsoron haƙƙin Hajiya. Ga takardun sakamakon na haɗo miki. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki sau biyu na karanta ta, takardun kuwa bayan sallar isha'i na zauna da su da biro a hannu. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Aikin da kika yi ba shirme ba ne, kuma yarinyar da ke kwana da tunanin haƙƙin wata baiwar Allah ba muguwa ba ce. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai inda kika yi garaje. Takardun nan suna faɗin abubuwa da yawa, kika tsinci layi ɗaya kika miƙa wa Kawu, kika bar layin da ke gefensa, alhali shi ne ke bayyana iyakar abin da kwamfutar ta sani.

Bari mu koma ga tambayar da wannan lissafi yake amsawa, domin ba ita ce tambayar da Kawu yake zaton an amsa masa ba. Wani Bature ɗan Ingila, Ronald Fisher, shi ya fito da hanyar a 1936, kuma ba da mutane ya gwada ta ba, da furanni ne. Furannin da har yau ake koyar da ita da su guda 150 ne, iri uku, hamsin-hamsin, kowanne an ɗauki awonsa huɗu na tsawo da faɗi. Tambayar ita ce: in na ba ka awon fure ban nuna maka shi ba, da wane iri ya fi kama? Ko a furannin nan da ba sa ciwo, ba sa tafiya, ba sa takaba, in kika yi lissafin za ki tarar guda uku sun faɗa gidan da ba nasu ba. Daga baya aka kai hanyar harkar kuɗi. David Durand ya gwada ta a kan masu cin bashi a Amurka a 1941, Edward Altman kuma ya yi amfani da ita a 1968 a kan kamfanoni 66, rabi sun karye rabi suna tsaye. Saboda haka ba ki ɗauko makamin da bai dace ba. Sai dai tun daga Fisher har zuwa kwamfutarki, amsar da yake bayarwa ita ce wane ya yi kama da wane. Hausawa kuwa sun riga sun yanke hukunci a kan kama da wane.

Yadda abin yake aiki a taƙaice shi ne, kwamfuta ta ɗauki ma'aunanki biyar ta ba kowanne nauyi, ta haɗa su ta fitar wa kowane mutum da maki, kamar sikeli. Kowane rukuni yana da cibiyarsa a kan sikelin, wato makin da 'yan rukunin suka taru a kewayensa. Sai a duba mutum, cibiyar da ya fi kusa da ita, tare da la'akari da girman rukunin, can za a rubuta shi. Ki ɗauka wani yana tsaye tsakanin tashar Kawo, inda ake hawa motar Zariya, da ta Mando, aka ce dole sai kin faɗi wacce ya fi kusa da ita. Kika auna kika ga da taku goma ya fi kusa da Kawo. Kin faɗi gaskiya in kika ce Kawo, amma wannan bai nuna Zariya za shi ba. Kwamfuta ba ta da gurbin “ban tabbata ba” a layin da kika buga. Dole ta ambaci rukuni ɗaya ga kowa, ko da da taku ɗaya ne.

To je ki shafi na ƙarshe na takardunki, jadawalin da ke jera mutane ɗaya bayan ɗaya, ki sa yatsa a layin Hajiya. Na yi masa alama da biro. Rukunin da littafi ya ba ta: na biyu. Rukunin da kwamfuta ta ba ta: na uku. Yiwuwar kasancewarta a na uku: 0.46. Matsa gaba kaɗan, rukunin da ke biye: na biyu, da 0.41. Abin da ya rage, 0.13, na rukunin farko ne. Ki tara 0.41 da 0.13, ki ga 0.54. Wato ita kanta kwamfutar, in da za ta yi magana da baki, cewa za ta yi ya fi yiwuwa matar nan tana cikin masu biya a kan a ce tana cikin waɗanda kuɗi ke maƙalewa. Sauka layi huɗu ƙasa ki ga wani da aka ba 0.97. Shi da Hajiya takarda ɗaya kika sa su, hukunci ɗaya aka yanke musu. Nan ne gizo ya yi saƙar.

Sai kashi 84 ɗin da Kawu ya riƙe kamar laya. Ki buɗe jadawalin dacewa mu warware shi. Cikin 150 masu biya a kan lokaci, kwamfuta ta gane 141, ta kai 5 rukuni na biyu, 4 na uku. Cikin 30 masu jinkiri ta gane 15 kacal, ta kai 9 na farko, 6 na uku. Cikin 20 ɗin da dominsu aka yi aikin, ta kama 12, ta kai 3 na biyu, ta kuma wanke 5 ta ce mutanen kirki ne. 141 da 15 da 12 sun ba da 168, shi ne kashi 84 na 200. Yanzu ki kira yaron shagon nan da bai taɓa latsa kwamfuta ba, ki ce duk sunan da aka kira ya ce “mai biya ne”. Zai dace sau 150, kashi 75 ke nan, ba tare da ya san komai ba. Kin ga abin da iliminki ya ƙara a kan baki kawai mutum 18 ne. A littattafan ƙididdiga akwai wani ma'aunin mai sauƙi a kan wannan, inda ake ninka kason kowane rukuni da kansa a tara, naki ya kama kusan kashi 60, kuma bisa wannan kin haye. Ba na kuma so ki raina kanki, domin yaron shago da “mai biya ne” ɗinsa ba zai kama ko mutum ɗaya cikin 20 ba, ke kin kama 12. Darajar aikinki a nan take. Amma lambar da ta shafi hana mutane kaya ba 84 ba ce. Ita ce wannan: cikin sunaye 22 da kika buga, 12 ne littafi ya tabbatar kuɗi sun maƙale a hannunsu, kuma waɗannan Kawu ya san su tun kafin ki zo shagon, yana iya lissafa su a cikin barci. Sauran 10 mutane ne da littafinku ya shaida sun biya. A harshen wannan lissafi, waɗannan 10 su ne kurakuran kwamfuta. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ya fara tangal-tangal kuma ya kamata a sa masa ido, ban ƙi ba. Amma an hukunta su ne da laifin da ba su riga sun yi ba, ga kuma mutum 8 da suka yi laifin suna waje, 5 daga cikinsu ma da takardar yabo.

Akwai wani abu kuma da ban gani a takardun ba. Kashi 84 ɗin an same shi ne a kan mutanen da aka koya wa kwamfuta aiki da su. Kamar malamin da ya kawo wa ɗalibai a jarrabawa tambayoyin da suka yi bita da su jiya ne, kowa sai ya zama haziƙi. A SPSS, a wurin zaɓin yadda za a rarraba, akwai ɗan akwatin da ke sa a ware mutum ɗaya, a gina sikeli da sauran 199, a gwada a kansa, a mai da shi a ware na gaba, har a zagaye kowa. Ba ki latsa shi ba. Ki latsa, kuma kada gabanki ya faɗi in lambar ta sauka, galibi sauka take yi, musamman a ƙaramin rukuni irin na mutum 20. Wadda ta fito bayan wannan gwaji ita ce ta fi kusa da abin da zai faru in sabon mai sari ya zo gobe. Abu ɗaya da kika yi daidai, na yaba miki: kin zaɓi a ɗauki zaton farko daga girman kowane rukuni. Da kin bar SPSS yadda yake zuwa, zai ɗauka rukunan uku girmansu ɗaya, kuma da sunayen da kika kai wa Kawu sun haura 22.

Lamda ta Wilks da kika ja wa layi biyu da jan biro, 0.52, ba zan daɗe a kanta ba. Tana tafiya ne daga sifili zuwa ɗaya, ƙanƙantarta ke nuna rukunai sun rabu, kusantarta da ɗaya ke nuna sun cakuɗe. Taki tana tsakiya: akwai bambanci na gaske tsakanin rukunan in an ɗauke su a dunƙule, akwai kuma cakuɗa mai yawa. Ƙananan lambobin da ke gefenta, masu sifilai, cewa kawai suke yi bambancin ba katari ba ne, ba sa ba da shaida a kan mutum ɗaya. Rukuni uku yakan ba da sikeli biyu, kuma naki na biyu, da lamdarsa 0.96, kusan fanko ne. Ma'ana sikeli ɗaya ke gare ki, masu biya a wannan baki, maƙalallu a wancan, masu jinkiri a tsakiya kowa na jan su. Shi ya sa rabinsu kawai aka gane, kuma Hajiya 'yar tsakiya ce.

Inda nake so ki zauna da kyau shi ne jadawalin da ke nuna dangantakar kowane ma'auni da sikelin. A nan ake gane me kwamfutar ke kallo. Tazarar zuwa ce a sama, tana da 0.74, kason bashi yana biye da 0.61, shekarun hulɗa suna can ƙasa, ba su ko kai 0.30 ɗin da aka saba ɗauka a matsayin abin kulawa ba. Wato shekara 14 na Hajiya, waɗanda a idon Mama su ne komai, a sikelin nan ba su fi gashin kaza ba. Abin da ya ja ta ƙasa shi ne daɗewa ba ta zo ba. To me ya hana ta zuwa? Wata huɗu da kwana goma tana ɗaki. Mace mai zuwa sari duk kwana goma, ki jefa mata rata ɗaya ta kwana 130 a cikin lissafi, matsakaicinta zai kumbura, ta koma kama da mai gudun shago. Babu gurbin takaba a ma'aunanki biyar, haka babu na jinya, babu na wanda ya tafi aikin Hajji ko gobara ta ci wa shago.

Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi, kuma ina zaton malamanki sun faɗa a aji ranar da hankalinki ke wani wuri. Ki tambayi kowane ɗan kasuwa: wa ke canja hanya? Wanda ake bi bashi. Mutum ba ya daina zuwa sannan kuɗi su maƙale, kuɗi ke maƙalewa sannan ya daina zuwa. Saboda haka tazarar da kika auna a kan mutum 20 ɗin nan, yawancinta bayan ɓarnar ta faru ce. Kwamfutarki ta koyi gane toka ne, ke kuma kina zaton hayaƙi take hangowa. In ana son lissafin ya yi gargaɗi tun da wuri, dole a ɗauki ma'aunan daga lokacin da komai ke lafiya, misali shekarar farko ta littafin, sannan a duba wa ya maƙale a shekara ta biyu. Wataƙila dacewar ta ragu sosai. Gara ƙaramar lamba ta gaskiya.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, ki yi su a zama ɗaya. Kuɗin kaya kada ki auna da naira, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, wanda ya ɗauki katan goma a farkon littafi da wanda ya ɗauki goma a ƙarshensa za su fito kamar ba sa'o'in juna ba. Ki ƙirga katan da buhu, ko ki auna kowa da matsakaicin watan da ya yi sari. A tazara ki ɗauki lambar tsakiya bayan kin jera su, ita rata ɗaya ba ta kumbura ta. Gwajin Box ɗinki ma ya nuna rukunan ba su bazu iri ɗaya ba, alhali wannan hanya tana son su bazu iri ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a shagon da wani ke ɗaukar katan biyu wani ke cika a-kori-kura. Ki gwada wata hanyar da ake kira lissafin lojistik a kan rukuni biyu kawai, wanda ya biya da wanda bai biya ba, shi ba ya ɗora waɗannan sharuɗɗa. In hanyoyin biyu suka haɗu a kan mutum, sai a saurara. In suka saɓa, mutumin na tsakiya ne.

Yanzu mu bar takarda mu koma ga mutane. Kawu ba azzalumi ba ne. Jarinsa ne a waje, shi ma akwai masu binsa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa shagon wani sau biyar ana ce masa “ya fita yanzun nan” ya san zafin abin. Addini ma ya ba shi gaskiya ta wani gefe: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci. Amma ayoyi biyu kafin wannan, ta 280, umarni ne a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Rarrabe mai hali da ke taurin bashi daga mai ƙunci aiki ne na wanda ya san mutanen, kuma Kawu ya san su. “Ba na gardama da ilimi” da yake faɗa, ina jin akwai ɗan fakewa a ciki. Hana mutum bashi abu ne mai nauyin baki, sai ga kwamfuta ta zo ta ɗauke masa kunyar. Kada ki faɗa masa haka, ki dai sani.

Mama kuwa ba lissafinki ne ya ɓata mata rai ba, ba ta ma san me ke cikinsa ba. Ƙawarta ce, wadda wataƙila ta riƙe ki ranar suna, aka tozarta a shagon yayanta da takardar 'yarta, bayan mutuwar miji. Da wane ido za ta kalle ta a gidan biki? Shirunta kunya ce da ta rasa inda za ta sauke. Shi kuma yaron shago, abin da ya yi ya fi komai muni, amma an ba shi takardar da bai kamata ta kai hannunsa ba. Bashin mutum sirrinsa ne. Ko babu dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, tarbiyyarmu ta isa ta hana a kira sunan mace a kasuwa a ce ba a yarda da ita ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki fara da Kawu, kuma ba a shago ba, a gida bayan magariba in ya ci abinci. Kada ki tafi da tarin takardu, guda ɗaya ta isa: sunaye 22 ɗin, kin raba su 12 da 10, kowa da lambar yiwuwarsa a gefe. Kada ki ce lissafin banza ne, domin ba banza ba ne, kada kuma ki ce ba laifinki. Ki ce: “Kawu, takardar da na ba ka rabi ce, na yi gaggawa. Ga cikonta. Goman nan littafinka ya ce sun biya, kwamfuta ma ba ta tabbatar da su ba. Ina roƙon ka ɗage musu, ka ba ni mako biyu in gyara aikin.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan kasuwar da ya shekara da shekaru yana fama da yaran da ke ɓoye asara ya san darajar wanda ya zo da kansa ya ce a sake duba lissafi, shi ya sa ban ga alamar sallama a nan ba. In ma ya yi faɗa, ki sunkuyar da kai ya gama.

Sannan ki kawo masa tsarin da zai maye gurbin hani na bai-ɗaya, domin in kika ƙwace masa takarda ba ki ba shi wata ba, zai ga kin bar shi a rana. Wanda lambarsa ta yi sama sosai, a ce daga 0.80, kuma littafi ya goyi bayan hakan, sai da kuɗi hannu ko da wanda zai tsaya masa. Na tsakiya kuwa nasa ne ba na kwamfuta ba: ya kira mutum ya ji lafiya, in ya ga dama ya rage yawan kayan ko ya gajarta wa'adi. Inda za a ja layin, shi zai faɗa, domin shi ya san abin da ya fi masa ciwo tsakanin rasa kuɗin katan ashirin da rasa mai sari na shekara 14 tare da duk wanda za ta ba labari a Rigasa. Wannan awo babu shi a SPSS. Kuma daga yau takardar tsakaninki da shi ce, yaran shago ba ruwansu da ita. In za a hana wani, Kawu ya kira shi ciki ya gaya masa da bakinsa.

In ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi ɗage wa duka goman, ki nemi na Hajiya kaɗai a yanzu, ko da da rabin abin da ta saba ɗauka. In wannan ma ya ƙi, Mama tana iya cewa ta tsaya mata, abin da ya taso a kanta. In har abin ya zama na “ba zan janye maganata ba”, ku nemi babba da yake jin nauyinsa a dangi, a yi maganar a matsayin gyaran zumunci tsakanin wa da ƙanwa, a bar kwamfuta a gefe. Abu ɗaya ne nake gargaɗinki da shi da babbar murya, domin na san shaiɗan zai raya miki: kada ki koma kwamfuta ki taɓa lambobin Hajiya a ɓoye don sunanta ya fita. Gyaran da na lissafa miki a kan kowa za ki yi shi, ki kuma gaya wa Kawu kin yi. Ranar da ya gano kin murɗa wa mutum ɗaya, ya daina yarda da duk abin da ya fito daga hannunki, kuma da gaskiyarsa.

Mama ba ta buƙatar jin 0.46. Ki same ta da safe bayan ta idar da lazimi, ki durƙusa ki ce kin yi gaggawa, kin jawo wa ƙawarta wulaƙanci ba da niyya ba, kin fara gyarawa, kina roƙon ta raka ki Rigasa. Wannan roƙon shi zai sauke ta, domin kin ba ta hanyar da za ta wanke fuskarta. Kada ki yi wa Hajiya waya, zumunci a ƙafa yake. Ku je gida ba shago ba, ki riƙa ɗan abu a hannu ko da turare ne da sabulu. Kada ki kai mata bayanin sikeli da cibiya, kada ki ce laifin kwamfuta ne, kada ki ce na yaro ne. Ki ce: “Hajiya, ni na haɗa takardar, na yi kuskure a kanki, littafinmu ya shaida ba mu bin ki ko sisi. Ki yafe mini.” Ki bar Mama ta ƙarasa sauran. Zai yi kyau Kawu ya biyo baya da kansa, ko ya aika mata kayan da ta zo nema ran nan, kuma yaron da ya yi maganar shi zai ɗauko su ya ba ta haƙuri.

Ki shirya wa yiwuwar ta yafe amma ta ƙi dawowa sari. Dillalai sun yi yawa a kasuwar nan, kuma haƙƙinta ne ta kai kuɗinta inda ba a kira sunanta a bainar jama'a ba. In haka ta faru kada ku matsa mata, ki dai ci gaba da zuwa gaishe ta.

In kin sake lissafin da ma'aunan shekarar farko, kin kuma latsa akwatin ware mutum ɗaya, ki turo mini sabon jadawalin dacewa da na dangantaka, ba tare da sunayen mutane ba a wannan karon, lambobi kawai. Ki gaishe mini da Mama.